Bilyana a Tashar Mota

Radostina na saman tsani, ƙusoshi a baki, guduma a hannu, Malam Stoynev ya sake ce mata zanen ya karkace.

"Sauke shi kaɗan ta hagu. A'a, hagunki nake nufi, ba na maƙwabta ba."

Ta zare ƙusoshin daga bakinta. "Malam, bangon ne a karkace. Tun kakana yana yaro haka yake."

"To ki karkace tare da shi mana. Bango ba ya jin magana, ke kuwa har yanzu ban fid da rai ba."

Ta tura kusurwar da yatsa, ta sauko, ta ja da baya har tsakiyar zauren. Daidai yake tun farko, kuma su duka biyun sun sani.

Zauren taron garin Sliven ya cika da warin fenti da na kofi. 'Yan ajin ƙarshe na makarantar zane sai kai-komo suke, wannan na neman almakashi, wancan na zagin wanda ya taka masa takarda. Da yamma za a buɗe baje kolinsu, kuma bana taken da aka ba su shi ne yarinta. Ga lilo a bayan gidajen bene, ga wani yaro da ɗan itacen ceri ya rina wa baki, ga kyanwoyi kamar an yi odarsu. Bangon tsakiya kuwa, wanda duk mai shigowa zai fara yin ido biyu da shi, Malam ya ba Radostina ba tare da ya shawarci kowa ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi da ƙarfi.

A zanen nata, yarinya ce 'yar shekara biyar a tashar mota. Kwat ɗin da ke jikinta ya yi mata yawa, ƙafafunta cikin doguwar jar safa. Hannunta ɗaya riƙe da gutsuren banitsa, wainar fulawa mai cuku, da ta ciza ta manta, ɗayan ya miƙe sama ya fice daga zanen. A bayanta wata doguwar bas tana juya baya. Yarinyar ba kuka take ba, ido kawai ta zuba. Duk wanda ya tsaya gaban zanen fuskar yake fara kallo, ya yi murmushi. Sai idonsa ya gangara ƙasa, ya tarar da duhun da ya bi cikin safar har zuwa takalmi, da ɗan ruwan da ya taru a kan siminti. Nan murmushin yake mutuwa. Radostina ta ga hakan ya faru da kowa a ajinsu, har da masu bakin tsiya, tun daga nan ta san ta yi abu.

Yarinyar ƙanwarta ce Bilyana, ranar da mahaifiyarsu ta tafi Italiya jinyar wata tsohuwa, ta bar su hannun Kaka Tsonka. Radostina na da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Duk hunturun bana a makaranta ta yi aikin, ba wanda ya gani a gida. A ƙaramin katin da ke ƙasa an buga: Bilyana a tashar mota.

"Farfesa Zlateva na hanya," in ji Malam, yana goge gilashinsa da gefen riga. "Na cika mata kunne da ke a waya. In ta ga wannan ba ta kira ki ajinta na bazara a birnin Sofiya ba, ni zan bar koyarwa in koma kiwon zuma."

"Zumar ta shiga uku."

"Ji mara kunya."

Kowa ya san wanda matar nan ta kira ajinta, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga babbar makarantar zane. Radostina ba ta jin tsoro. Yunwa kawai take ji.

Sai ga Bilyana ta turo ƙofa da kafaɗa, jakar makaranta a baya, wata farar riga a rataye a hannu, ƙunshin takarda a ɗayan. Shekararta goma sha biyu yanzu, ta yi tsawo farat ɗaya kamar an ja ta, ga gashin goshi da ta yanke wa kanta a banɗaki, Kaka ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba.

"Yaya, ga rigarki. Kaka ta ce in kika zauna a kanta ta yamutse, ke da ita. Ga banitsa kuma, ta ce ki ci kafin ki..."

Maganar ta tsaya. Radostina ta ɗan matsa gefe don ta ba ta fili, tana jiran abin da ta saba gani. Amma Bilyana ba ta yi murmushin farko ba. Idonta kai tsaye ƙasa ya tafi. Wuyanta ya yi ja, jan ya hau har kunnuwa.

"Sauke shi."

"Me?"

"Ki sauke shi, Yaya."

"Bili, tsaya ki kalle shi tukuna. Ki ga yadda..."

"Na gani. Har da sunana kika sa." Muryarta ta yi ƙasa, tana waige-waige. "Kin san ajinmu za a kawo nan bayan an tashi? Duka ajin. Har da Desislava da wayarta."

Radostina ba ta sani ba. Ta dubi Malam, ya ɗaga kafaɗa: makarantu sukan zo kallo kafin a buɗe, kowace shekara haka ake yi.

"Sai in cire katin," ta ce. "Shi ke nan."

"Kunnuwan fa? Su ma za ki cire? Wa ke da irinsu a garin nan in ba ni ba?"

"Haba, shekararki biyar fa a lokacin. Wane yaro ne bai taɓa yi ba?"

"To kowa ya zana nasa."

Malam Stoynev ya matso, ya sunkuyo da irin muryar da yake lallashin iyaye da ita. "'Yata, ki saurare ni. Abin da yayarki ta yi ba abin kunya ba ne. Nan da shekara ɗari mutane za su tsaya gaban fuskar nan taki su yi shiru."

"Ni ranar Litinin nake da makaranta, Malam."

Ta ɗora rigar a kan tsani, ta juya ta fita da ƙunshin a hannu. Ƙofar ta daɗe tana lilo a bayanta.

"Za ta huce," in ji Malam. "'Yan shekarun nan, ko kallonsu ka yi ka yi laifi."

Radostina ta tsaya gaban zanen, hannu a ƙugu. "In na bi wurin da jan fenti fa? Mai saurin bushewa. Ba za a gane ba."

"Ki bi mana. Sai mu samu hoton kalanda, yarinya kyakkyawa da banitsa, a rataya a shagon magani. Ke ma kin san duk zanen a wurin nan yake tsaye."

Ta sani. Ta ajiye gudumar ta bi bayan ƙanwarta.

A bayan zauren ta same ta, zaune kan katangar da ke kusa da famfon shan ruwa, tana cin banitsar da aka aiko ta da ita. Iskar garin tana ta ɗaga mata gashin goshi.

"Tawa ce fa wannan."

"Ta zama tawa."

Radostina ta haye katangar ta zauna. Ta shirya maganarta tun daga ƙofa, kuma ta san tana da kyau. Ta ce mata zanen ba na fitsari ba ne. Na duk yaran da aka tsayar a tashar nan ne, aka ce su ɗaga hannu. Rabin ajin Bilyana iyayensu na Jamus ko Sifen, ita kanta Desislava a waya take ganin ubanta. Za su gane.

"Za su gane, su kuma ɗauka, su tura wa kowa," in ji Bilyana. "Akwai yaron da ya yi atishawa a aji biyu, har yau Majina ake kiransa. Ko malamai wani lokaci sai sun yi tunani kafin su tuna sunansa." Ta ciji banitsa. "Mama fa? Kin yi tunaninta? Har yau ba ta san abin da ya faru ba bayan motar ta juya. Kaka ba ta gaya mata ba. Sai ta buɗe waya a kicin ɗin mutane ta gani?"

Wannan bai zo wa Radostina a rai ba ko sau ɗaya duk tsawon hunturun. 

"Kuma ma ƙarya kika zana."

"Ƙarya? Ke, ina wurin fa."

"Ina kike? Nuna mini ke a ciki." Bilyana ta juyo gaba ɗaya. "Hannuna da ya yi sama ya fita, wa ke riƙe da shi?"

"Ni mana. Na yanke a nan ne saboda tsarin zanen, don ido ya..."

"Tsari! Tun a gida na ce miki ina jin fitsari, kika ce mu yi sauri. A tasha na sake gaya miki. Kin damƙe mini hannu kamar za ki karya shi, kina ta ihu, Mama, Mama, duk tasha na kallonmu. Kin so ki bi motar da gudu, Kaka ta cafke ki ta wuyan kwat. Ni kuwa kin ƙi sakina. Ina zan je?"

"Ban yi ihu ba."

"Har wani direba ya ba ki ruwa."

"Ni na tsaya ne ina..."

"Tambayi Kaka." Ta kakkaɓe ɓurɓushi daga cinyarta. "Ni ban ma san Mama za ta daɗe ba. Na ɗauka garin Burgas za ta je ta dawo da yamma. Wannan kallon da kika yi mini, wanda malaminku ke cewa mutane za su yi shiru, ba baƙin ciki ba ne. Matsewa nake yi."

Radostina ta buɗe baki za ta musa, sai ta ji kamar an sake cafke ta ta wuyan kwat. Ta tuna ɗanɗanon ruwa a kofin roba, da gashin bakin mutumin da ya miƙo mata. Shekara da shekaru tana ganin kanta a ranar nan tsaye ƙyam, babbar ya, tana kula da ƙarama. Ashe wata yarinyar ce daban ta tsaya a wurin, bakinta a wage.

Dariya ta kufce mata, irin mai fitowa ta hanci. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Bilyana ta harare ta, ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta miƙa mata ragowar banitsar.

Radostina ta cinye tas, ta diro daga katangar. "Zo ki riƙe mini tsani."

Malam Stoynev ya bi su da ido har ta ɗora ƙafa a matakin farko kafin ya gane abin da ke faruwa.

"Radostina. Me kike yi?"

"Sauke shi nake, Malam."

"Kin san wadda ke cikin mota yanzu haka saboda ke? Wannan dama ba ta dawowa don an yi mata fito."

"Na sani."

"To a juya shi ya kalli bango har yaran su tafi."

"Da yamma iyayensu za su zo, da wayoyinsu." Ta ɗaga zanen daga ƙusa, ta miƙo shi ƙasa. "Kama nan, Bili. Ta gefe, ban da fuskar."

"Yarinya, ina magana kina aiki?"

"Ina jinka, Malam. Hannun da ya yi wannan yana nan, ba a Sofiya aka ajiye mini shi ba. Zan yi wani."

Ya cire gilashin, ya mayar, ya sake cirewa. Ita da Bilyana suka kai zanen ɗakin ajiya, suka jingina shi fuska ga bango, tsakanin karyayyun kujeru da kwalin kayan adon sabuwar shekara. Daga jakar aikinta Radostina ta zaro ƙananan zane uku da ta yi na gwaji: takalman yara jere a ƙofar Kaka, an cusa musu jarida don su bushe. Ta rataya su a babban bangon. Suka zauna tsakiyarsa kamar baƙin da suka riga kowa zuwa biki.

"Shekara biyar ina koyar da ke," in ji Malam, "don ki rataya mini takalma."

"Amma a miƙe suke."

Malam ya juya baya. Ya tafi neman kofi.

'Yan ajin Bilyana suka shigo da hayaniyarsu, malamarsu na ta a yi layi, ba mai ji. Desislava ta ɗauki kanta hoto kusa da wata kyanwa, ta ce yaron cerin ya yi kama da ɗan'uwanta. Ba wanda ya tsaya gaban takalman. Bilyana ta wuce yayarta kamar ba ta taɓa ganinta ba, sai dai gwiwar hannu da ta zungure ta da ita a haƙarƙari.

Da yamma zauren ya cika. Kaka Tsonka ta zo cikin rigarta ta zuwa coci, ta duba farar rigar Radostina gaba da baya, ta sami yamutsa ɗaya, ta nuna mata da yatsa. Aka yi jawabi, aka tafa, aka raba lemo a kofunan roba.

Farfesa Zlateva 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, takalmanta na maza. Ba ta sauri, ba ta kuma yin magana. Ta bi bango bango, Malam na biye da ita kamar mai rakiyar gawa. Da ta iso tsakiya ta dubi takalman, ta matsa kusa, ta karanta sunan.

"Ke ce Radostina? Stoynev ya hana ni barci da labarin wani babban zane. Ina yake?"

"Na sauke shi, Farfesa."

"Bai bushe ba ne?"

"Ya bushe. Wadda na zana ce ba ta yarda a nuna ba."

"Ba ki tambaye ta ba kafin ki fara?"

"Ban tambaya ba."

Matar ta dube ta ta saman gilashi, ta sake duban takalman. "Jaridar nan da ke ciki ta yi kyau," ta ce, ta matsa gaba.

Shi ke nan. Radostina ta bi ta da ido. Ta haɗa hannuwanta a baya, ta miƙe wuya, ta tsaya kusa da takalmanta. In za a wuce ta, to a wuce ta tana tsaye.

"Gafara dai."

Bilyana ce, da kofin lemo a hannu, ta sha gaban Farfesa.

"Ke kaɗai za ki iya gani. A ɗakin ajiya. Ban da waya."

Malam ya buɗe baki, matar ta ɗaga masa hannu. Ta zaro wayarta daga aljihu, ta damƙa masa, ta bi yarinyar.

A ɗakin ajiyar fitila ɗaya ce, mai rawaya. 'Yan'uwan biyu suka juyo da zanen. Farfesa ta jawo wata kujera mai ƙafa uku da rabi, ta zauna a bakinta. Radostina na kallon idonta: fuska tukuna, sannan ƙasa. Ta daɗe a ƙasan. Hayaniyar zaure na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ke ce wannan?" ta tambayi Bilyana.

"Ni ce, a da. Amma rabi ne. Akwai wata a nan," ta nuna iskar da ke gefen zanen, inda hannun ya fice, "tana ihu kamar ana yanka ta. Ita ba a zana ta ba."

Farfesa ta juyo ga Radostina. "Haka ne?"

"Haka ne. Yau na ji labari."

"Za ki iya zana ta?"

"Zan iya."

"Ba za ta yi kyau kamar wannan ba."

"Ba ta da kyau dama, in ji masu shaida."

Gefen bakin matar ya motsa. Ta miƙe, ta kakkaɓe siket. "Ajina na farawa a watan Yuli. Ki zo da ita. Ban ce na ɗauke ki ba, na ce ina son in gani." A bakin ƙofa ta waiwayo ga Bilyana. "Na gode da kika bari."

"Ba komai," in ji Bilyana, kamar wadda ta ara wa mutum biro.

Rana ba ta gama faɗuwa ba suka kamo hanyar gida. Sun naɗe zanen da takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa, Radostina ta kama gaba, Bilyana ta kama baya, iska na tura shi tana neman kwashe su duka. Kaka na tafe can baya, tana tsayawa gaisawa da duk wadda ta sani, kuma kowa ta sani.

Wajen gadar ƙaramin rafi suka jingina shi da ƙarfe don su huta.

"Bili, yaya fuskata take ranar?"

"Muni."

"Na ji. Wane iri?"

Bilyana ta duba hagu da dama, ta ga ba kowa sai wani tsoho da karensa. Ta runtse ido, ta tattare goshi, ta wage baki har ya zama mai kusurwa huɗu, leɓen ƙasa na rawa.

"Tsaya haka! Kada ki motsa."

Radostina ta laluba aljihun jakarta ta samo guntun gawayi, ta durƙusa a kan titi da farar rigarta, ta fara ja a jikin takardar ƙunshin. Goshi, ramukan ido, baki. Hannunta na gudu, ba ya shakka.

Kaka ta iso tana haki, jakarta a maƙale a hannu. Ta dubi Bilyana, ta dubi takardar, ta daɗe tana dubawa. Ba wanda ya gaya mata ko wace ce.

"Wannan ai da sauƙi," ta ce. "Ya fi haka faɗi. Har hanƙarki ana gani."

Radostina ta goge layin da babban yatsa, ta ƙara buɗe bakin.